Tausar tafin ƙafa: hutu ce, kada a sayar mana da ita a matsayin magani

Duk wadda ta wuni tsaye bakin tebur tun hantsi har magariba, ko ɗan kasuwar da ya sha kai da kawowa tsakanin tasha da shago, ya san yadda ƙafa ke zugi da dare. Shi ya sa ba mu ga laifin wanda ya miƙa ƙafa a tausa masa ba. Tausa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, ƴaƴa ma na yi wa iyaye.

Amma akwai wata iri da Turawa ke kira refleksoloji, wadda ake talla da hoton tafin ƙafa an yanka shi gida-gida. Masu ita na cewa babban yatsa shi ne kai, ƙasan yatsu ƙirji, tsakiyar tafi hanta da ƙoda, diddige kuma ƙugu. Wai in an danna wurin, gaɓar can ciki ta samu sauƙi. Wasu na cewa daga Sin ta fito, alhali taswirar a Amurka aka zana ta: wani lokotoro, William Fitzgerald, ya fitar da littafi a 1917, sannan wata mata, Eunice Ingham, ta maida abin kan ƙafa a littafinta na 1938.

An gwada kuwa. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kan marasa lafiya, bai samu gamsasshiyar shaidar cewa tana warkar da wata cuta ba. Binciken gwamnatin Ostireliya na 2015 ma bai samu ba. Abin da ya rage shi ne daɗin da jiki ke ji da barci mai nauyi, kuma wannan ba abin rainawa ba ne ga mai neman na tuwo.

Inda muke jin tsoro shi ne nan. Mu ƴan kasuwa ba mu son rufe shago mu je mu bi layi a likita, don haka duk wanda ya ce zai gano cutarmu ta tafin ƙafa cikin minti goma, sai mu ba shi kunne. To, ƙafar da ta mutu ba ta jin taɓi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, galibi alamar ciwon suga ce, kuma jinkiri na iya kai wa ga yanke ƙafa. Ƙafafu biyu da suka kumbura na iya nuna ciwon zuciya ko ƙoda. Ga mai ciki kuwa, in har da fuska da ciwon kai, hawan jini ne ake tsoro. Ƙafa guda da ta kumbura da zafi a sha-raɓa, kada a yarda a murza ta: in gudan jini ne, yana iya ɓallewa ya toshe huhu.

Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya ci gaba da shan abinsa. In mai tausa ya ce a ajiye ƙwayoyi, Hajiya, ɗauki takalminki ki koma rumfa.