A Silent Voice: Fim Ɗin da Ya Jawo Hawaye da Gardama

A watan Satumban 2016 kamfanin Kyoto Animation na Japan ya saki fim ɗin zane mai suna A Silent Voice, wanda Naoko Yamada ta ba da umarni, bisa labarin Yoshitoki Oima. Har yau masu kallo ba su gama gardama a kansa ba.

Labarin Shoya ne, yaron da ya addabi Shoko, wata kurma 'yar ajinsu a firamare, yana fizge mata na'urar ji yana jefarwa. Da abin ya kai kunnen shugaban makaranta, abokansa suka juya masa baya. Ya girma ba aboki, ba ya iya haɗa ido da kowa, kuma fim ɗin ya nuna hakan ta hanyar ɗora alamar X a fuskokin mutanen da ke kewaye da shi. Daga baya ya koyi yaren kurame, ya nemi Shoko don neman gafara.

Da yawa sun ce sun zubar da hawaye lokacin da alamomin X suka zube daga fuskokin mutane. Wasu kuwa sun yi ƙorafin an fifita tuban azzalumi a kan raɗaɗin wadda aka zalunta.

Ƙorafin yana da hujja, amma fim ɗin bai wanke kowa ba. Ya nuna Shoko tana ɗora wa kanta laifi har ta yi yunƙurin kashe kanta, ya kuma fallasa malamin ajinsu da ya kau da kai. A Japan, ƙasar da ta naɗa ministan yaƙi da kaɗaici a 2021, malamai da iyaye ne suka fi buƙatar kallonsa.