Karatu a Najeriya: hangen Dala ba shiga birni ba ne

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, tambaya guda ce take zagaya gidaje tun daga Birnin Ƙonni har Magariya: yaro ya ci, to ina za shi? Waɗansu uwaye Yamai suke dubawa, waɗansu kuwa Maroko ko Aljeriya, inda ake samun burs bisa yarjejeniyar gwamnatoci. Amma magidanta da yawa a jihohin kudu, idonsu a kan Najeriya yake. Dalilinsu a fili yake. Daga Maraɗi zuwa Katsina kimanin kilomita 90 ne, alhali zuwa Yamai ya haura 650. Mutumin Damagaram yana isa Kano bayan kilomita kamar 240, babban birnin ƙasarsa kuwa sai ya ci kusan 900. Ga dangi a can, ga harshe ɗaya, ga tuwo ɗaya, ba kuɗin jirgi.

Wannan tunani ba abin zargi ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an kafa ta a 1962, shekara tara kafin a buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973. Ta Sakkwato an kafa ta a 1975, ta Bayero a Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Makarantu ne da suka daɗe suna yaye likitoci, injiniyoyi da masana aikin gona. Bugu da ƙari, kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan Nijar tana da bukatar ma'aikata masu ƙwarewa a Ingilishi, kuma mashayar da ta fi kusa ita ce ta maƙwabta.

Sai dai iyakar da ba a jin ta a kasuwar Jibiya, a cikin aji takan tsaya ƙiƙam. Faransa da Ingila sun bar tsarin makaranta iri biyu, kuma har yau kowane yana kan turbarsa. Ɗan lakwal a Nijar yana yin shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji har ya ɗauki birbe, uku a lise har ya ɗauki bak: shekara 13 ke nan, sannan uku kafin ya samu lisansi. Takwaransa na Najeriya yana yin shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, watau 12, sannan huɗu a jami'a kafin digiri na farko. Idan aka haɗa, kowannensu 16 ya yi. Amma mai bak da aka sa shi a ajin farko na jami'ar Najeriya, 17 zai yi. Shekara guda ta tafi tun bai zauna a kan benci ba, kuma uwaye ba safai suke sa ta cikin lissafi ba.

Ƙofar shiga ma dabam take. A nan, takardar bak ita ce mabuɗin jami'a. A can, ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko ta NECO, ciki har da Ingilishi, sannan a zauna wata jarrabawa ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake amsawa, ɗaya daga ciki Ingilishi ne dole, a kan maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Bayan haka, jami'o'i da dama suna da tasu tantancewa. Akwai ƙofa ta biyu, wadda take kai mai takardar gaba da sakandare aji biyu kai tsaye. Ko bak ɗin yaro za ta buɗe masa ita, magana ce da ya wajaba a samu amsarta a rubuce daga ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar kanta, da hatimi, ba daga bakin dillali a tasha ba.

Ga kuma saɓanin lokaci. Rajistar JAMB a watannin farko na shekara ake yin ta, jarrabawar kuma tana zuwa kafin damina ta kankama, lokacin da ɗan ajin ƙarshe na lise yake fama da bitar bak. Wanda ya jira sakamako kafin ya fara tambaya, zai iske an rufe ƙofa sai baɗi.

Maganar harshe ita ce wadda aka fi rainawa. Ana cewa ai yaro Bahaushe ne, Kano gida ce. Gaskiya ne a kasuwa da masallaci da ɗakin kwana. A zauren lacca kuwa, da Ingilishi ake koyar da kimiyyar jiki, da shi ake rubuta amsa, da shi ake kare kundin bincike. Ingilishin da aka koya awa kaɗan a mako tun daga ajin farko na kwaleji yana isa a gaisa, a karanta gajeren labari. Ba ya isa a bi malami mai sauri cikin ɗalibai ɗaruruwa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya saba zama na ɗaya a lise, yana iya faɗuwa a zangon farko, ba don ya kasa lissafi ba, sai don bai gane abin da aka tambaye shi ba. Wata shida ko shekara ta koyon harshe kafin a shiga ba ɓata lokaci ba ne. Ya kamata a sa ta cikin kasafi tun farko.

Amma tambayar da ta fi kowace nauyi, ita ake bari sai ƙarshe: in ya dawo, me takardar za ta yi masa? Ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suna da majalisar CAMES, wadda shugabanni suka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, mazauninta yana Wagadugu; tana daidaita darajar takardun karatu tsakanin ƙasashenta. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka duk wanda ya zo da digirin can, yana son shiga konkur na aikin gwamnati ko ci gaba da karatu a gida, sai ya fassara takardunsa, ya kai su a auna su da na ƙasa. Ofishin OBEECS, mai kula da bak, shi ne kuma mai kula da wannan awo. A wurin ne ake gane bambancin jami'a da mai kama da jami'a. Hukumar NUC ta Najeriya ita ke ba jami'o'i izini, tana kuma tantance kowane fanni dabam, har takan buga jerin sunayen makarantun da ke aiki ba bisa doka ba. Makaranta tana iya zama halattacciya amma sabon fannin da ta buɗe bai samu amincewa ba tukuna. Kuma difilomar foliteknik, duk da amfaninta, ba digirin jami'a ba ce.

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A watan Janairu na 2024 Najeriya da kanta ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna cewa ya samu digiri a Kwatano cikin mako shida. Hukuncin bai tsaya a kan masu sayen takarda ba. Ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gumi.

Akwai ma fannonin da takarda mai kyau ba ta wadatar. Lauya da ya yi shekara biyar a Zariya ya koyi shari'a ce mai tushe a Ingila, alhali kotunan Nijar kan tsarin da aka gada daga Faransa suke, dokokin kasuwanci kuma na OHADA ne. Injiniya, masanin kwamfuta ko likitan dabbobi ba su da wannan damuwa sosai: siminti ɗaya ne, ciwon shanu ɗaya ne a Gobir da Katsina. Likita yana yin shekara shida, amma in ya dawo da Faransanci zai rubuta takardar magani da rahoton asibiti.

Wani abu ƙarami da yake zama babba shi ne suna. Takardar haihuwa ta Nijar ta rubuta Ousmane Aboubacar, magatakardan Kano ya rubuta Usman Abubakar. A kunne mutum ɗaya ne, a gaban kwamiti mutum biyu ne. Abin ya fi muni idan da gangan aka yi. Jami'o'in jihohin Najeriya sukan sauƙaƙa kuɗi ga ƴan asalin jiha, kuma tun 2021 rajistar JAMB tana tafiya da lambar shaidar zama ta NIN. Sai wani ɗan uwa ya ba da shawara a ce yaro ɗan Daura ne ko Illela, a rage masa shekaru, a huta da kuɗin baƙi. Ranar da aka yi haka an yi rangwamen jika kaɗan, an kuma sayi takardar da take ɗauke da sunan wani mutum, haifaffen wani gari, a wata shekara. Laifi ne a can, asara ce a nan, kuma ba mai fassara da zai iya gyara ta.

Game da kuɗi, faɗuwar naira tun daga Yunin 2023, daga kimanin 460 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta sa mai riƙe da sefa yana ganin komai araha. Amma haya da abinci da mota sun tashi a bayanta, jami'o'i da yawa sun ƙara kuɗi, baƙo kuma yakan biya fiye da ɗan gida. Lissafin shekara huɗu ma ba tabbas ba ne: yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ya ci wata tara a 2020, ya ci takwas a 2022. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Magidancin da ya sayar da gona ko bijimai a kan shekara huɗu cif, ya kamata ya san inda ta biyar za ta fito. Burs ta hukumar ANAB kuwa ba ta bin ɗalibi don kawai ya ƙetare iyaka. Nema ake yi, bisa ƙa'ida.

Ya dace kuma a tuna cewa zamanin jami'a ɗaya tilo ya wuce. Maraɗi, Damagaram da Tawa sun samu nasu a 2010. Agadas, Difa, Dosso da Tillaberi a 2014. Ga ta Musulunci a Sayi tun 1986. Fannin da ake koyarwa a ƙofar gida, da takardar da ba ta bukatar awo, sai da dalili mai ƙarfi a tsallake shi.

Nauyin bai kamata ya tsaya a kan uwaye kaɗai ba, musamman waɗanda karatunsu na yaƙi da jahilci ne, ba su taɓa ganin cikin jami'a ba. Ma'aikatar ilimi mai zurfi tana iya fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa da Faransanci: jerin jami'o'in da NUC ta amince da su, takardun da ake nema wajen awo, da ranakun rajistar JAMB. A karanta shi a rediyon jihohi, a kai shi hannun shugabannin lise na Maraɗi, Damagaram da Tawa tun watan Oktoba, a manna shi a ƙofar ajin ƙarshe kafin a buɗe rajistar a farkon shekara.