1899: Wanda ya ce "gatanan gatananku", bashin "ƙurungus" na wuyansa

A gidan da na tashi, idan kaka ta fara tatsuniya ba ta tashi sai ta ce "ƙurungus kan kusu", ko da gyangyaɗi ya kwashe rabin yaran. Ta san cewa tun da ta sa muka yi shiru muka kasa kunne, ta ci bashi. Wannan 'yar ƙa'idar da tsohuwa ta riƙe a tsakar gida ita ce kamfanin Netflix ya take da ƙafa a kan shirin 1899, kuma har yau raina bai huce ba.

An saki shirin ranar 17 ga Nuwamba, 2022, kashi takwas. Jamusawa biyu ne suka tsara shi, Baran bo Odar da Jantje Friese, waɗanda suka yi shirin Dark. Labarin wani jirgin ruwa ne mai suna Kerberos, ɗauke da 'yan ci-rani daga Turai zuwa New York, ya ci karo a tsakiyar teku da jirgin Prometheus wanda ya ɓace wata huɗu. Aka hau aka tarar ba kowa, sai wani yaro kulle cikin kabad, riƙe da 'yar baƙar dala, ba ya magana.

Ni da ƙanena Malam ƙarami muka kalle shi, kashi ɗaya kowane dare, a waya ɗaya, muna lissafin data da caji. Ba zan manta daren da muka kai wurin da wani sauti ya fara bugawa kamar agogo ba, fasinjoji suka miƙe ɗaya bayan ɗaya kamar an yi musu kiranye, suka yi layi suna faɗawa teku. Ƙanena ya dafe bakinsa ya ce, "Yaya, tsayar, mayar baya." Muka mayar har sau uku.

Abin da ya fi kama ni shi ne harshe. Kowa a jirgin da bakinsa yake magana: Jamusanci, Faransanci, Sifaniyanci, harshen Denmak, na Poland, na Kanton. Akwai Olek, ɗan Poland mai zuba kwal a injin jirgi, da Ling Yi, 'yar Sin da ta ɓad da kama cikin shigar Japanawa. Ba mai jin abin da ɗayan yake faɗa, amma kowa ya zauna yana zazzage wa ɗan'uwansa cikinsa. Duk wanda ya taɓa tafiyar ci-rani, ya kwana a tasha kusa da baƙon da ba su haɗa yare ba, ya san wannan zaman.

A kashin ƙarshe aka yaye labule. Jirgin da tekun duk duniya ce da na'ura ta ƙaga. Maura Franklin, likitar da muke bi tun farko, ta farka a cikin kumbo a sararin samaniya, shekarar 2099, ga saƙon ɗan'uwanta Ciaran a allon kwamfuta. Nan zango na ɗaya ya tsaya. Masu shirin sun tsara zango uku ne, kamar yadda suka yi a Dark. Ranar 2 ga Janairu, 2023, kwana 46 kacal da fitowarsa, Odar ya sanar a Instagram cewa ba za a ci gaba ba.

Kwana 46! A duba lokacin da aka jefo shi kasuwa. Kwana uku da sakinsa aka buɗe gasar cin kofin duniya a Qatar. Kwana shida da sakinsa kamfanin da kansa ya saki Wednesday, wanda ya cinye hankalin jama'a. Ka kai ɗan akuyarka kasuwa ranar da ake hawan sallah, sannan ka ce ba shi da farin jini? Shiri irin wannan ba gyaɗa ba ce da za a watsa a baki. Yana son a kalla, a kwana, a yi gardama, a sake kallo. Dark ma a hankali ya yaɗu, daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, tsakanin 2017 da 2020, har aka kammala shi cif.

Za a ce kasuwanci ne, kuɗi aka zuba, riba ake nema. Na ji. To amma mai kallo ma ya zuba nasa: kuɗin rajista, data, da darare takwas na rayuwarsa. Shirin barkwanci idan aka yanke shi, dariyar da ka yi ta zama taka. Shirin da aka gina kan tambaya kuwa, amsar ita ce hajar. Ka karɓi kuɗin mutum, ka miƙa masa kwaɗo ba mabuɗi, wannan cin amana ne.

Kuma ba shi ne farau ba. An yanke shirin The OA a 2019 bayan zango biyu, labarin na rataye. Illar ta fara bayyana a jikinmu: yanzu ni da ƙanena ba ma taɓa sabon shiri sai mun ji an kammala shi. Idan kowa ya yi haka, sabon shiri ba zai sami masu kallo a makon farko ba, sai a yanke shi, sai tsoron ya ƙaru. Kamfanin da kansa yake sare reshen da yake zaune a kai.

Mafita ba ɓoyayya ba ce. Da aka soke Sense8 a 2017, masu kallo suka yi ca, kamfanin ya ba da kashin rufewa na sama da awa biyu a 2018. Abin da nake nema wa 1899 ke nan, kuma ya zama sharaɗi ga duk labarin da aka tsara a zango-zango: in ba za a iya kai shi gaci ba, a ware kuɗin rufe shi tun ranar da aka sa hannu. Maura tana nan tsaye a bakin tagar kumbo tun 2022. A zo a ƙarasa mana tatsuniyar.