Waiwaye: Zumar da ke Gadin Kurmin Oku

Tafkin Oku yana cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta ne, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, a tsayin kimanin mita 2,200. Kurmi ya kewaye shi ta ko'ina, kuma al'adar mutanen Oku ta keɓe shi, ba wurin su ko wanka ba ne. A samansa akwai dutsen da suke kira Kilum, mai mita 3,011, wanda in ka cire Dutsen Kamaru babu na biyunsa a ƙasar.

Na taka hanyar da ta tashi daga tafkin zuwa saman dutsen tun kafin rikicin da ya kunno kai a 2016 ya sa shiga yankin ya zama kasada. Da hantsi muka bar bakin tafkin, ni da wani dattijo mai kiwon zuma. Da shigarmu kurmin rana ta ɓace. Gansakuka ta lulluɓe rassa, ruwa na ɗiga daga ganye alhali ba ruwan sama ake yi ba, ƙasa kuwa santsi, sai ka dafa saiwa kafin ka ɗaga ƙafa. Dattijon ya tsayar da ni ya nuna mini tsuntsun nan kore mai jan tukku da ake kira turako na Bannerman, wanda duk duniya ba a samunsa sai a tsaunukan nan.

Amma amya ce ta fi ɗaukar hankalina. Da gora da tukurwa suke saƙa ta, su yi mata rufin ciyawa. Ya ce a kwari ake fara ajiye ta har ƙudan zuma su shiga, sannan a ɗauko ta a ka, a hau da ita wannan gangaren da ni ko da hannu wofi nake haki a kansa. Furannin itatuwan kurmin ne ke sa zumar ta fito fara, mai kauri kamar man shanu. A 2013 aka yi mata rajistar da ta hana kowa sayar da wata zuma da sunan Oku.

Daga baya na gane abin da na gani. Kurmin Kilum-Ijim, mai faɗin kusan hekta 20,000, ya sha sara don noma, har ƙungiyar da yanzu ake kira BirdLife ta fara aikin ceto shi a 1987. An shata iyaka, fadar Oku ta sa baki. Duk wannan ya taimaka. Sai dai a ganina abin da ya fi riƙe iyakar shi ne mutumin da ya san kuɗin makarantar 'ya'yansa yana rataye a reshe. Shi ba sai an biya shi ladan gadi ba. In ya hango hayaƙi, shi ne zai fara rugawa.

Mu ma a ƙasar Hausa ai mun san haka. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, kafin bazara awaki sun gama da su. Amma ɗorawa da kuka da kaɗanya suna nan tsaye a tsakiyar gonaki, ba mai gadi, saboda daddawa da miya da man kaɗe. Wanda zai dasa itace ya fara tambayar wa zai ci moriyarsa.

A ranar tafiyar tamu, bayan azahar kurmin ya ƙare kwatsam, muka fito fili fetal, ciyawa na kaɗawa, iska mai sanyi na ratsa riga, tafkin kuma can ƙasa, kore shar. Nan shanun Fulanin Bororo ke kiwo. Wani matashi daga cikinsu ya gaishe ni da Hausa, muka taɓa hira. Da rani makiyaya kan sa wa tsohuwar ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro, wutar kuma takan zarce cikin kurmi ta cinye amya. Dattijon ya faɗi haka da ɗaci, kuma yana da gaskiya. Shi ma yaron yana da tasa: ciyawa ce abincin shanunsa, kuma ko kwabo daga kuɗin zumar ba ya shiga aljihunsa. Har muka fara gangarowa, babu wanda ya ce da ɗan'uwansa uffan.