Duniyar Da Ke Kewaye Da Mu: Ƙwarin Cikin Ɓaure

Masu karatu, dukanmu mun san ɓaure, kyakkyawa daga waje, in an fasa kuwa sai ƙwari. Yara sukan tofar, manya su yi tsaki. To, wannan wata za mu ga cewa in ba domin ƙwarin nan ba, da ɓaure bai yi iri ba.

Furannin ɓaure a ɓoye suke cikin ɗan da muke ci, ƙudan zuma ba ya kai gare su. Ƙofa ɗaya ce tak, 'yar ƙanƙanuwa, a bakin ɗan. Ta nan wata ƙwaruwa dangin zanzaro, wadda ba ta fi ƙwayar gero ba, takan kutsa, har fikafikanta su kakkarye. Tana ɗauke da garin fure daga itacen da aka haife ta. Sai ta barbaɗa shi a kan furannin, ta saka ƙwai cikin waɗansu, ta mutu. Waɗansu furanni su zama iri, waɗansu su zama abincin 'ya'yanta. Sa'ad da 'ya'yan suka girma, mazan su huda hanya, matan su kwashi sabon gari su tashi neman wani itace, gama ransu kwana ɗaya ne ko biyu.

Dangin ɓaure a duniya, har da durumi da ceɗiya da gamji, sun fi iri 750, kusan kowanne da nasa ƙwaro. Sun daɗe tare ƙwarai, jikin kowa yana sākewa ya dace da na ɗan'uwansa, har kan ƙwaruwar ya zama faffaɗa daidai da ƙofar.

Manoman Kalifoniya a Amurka sun ga wannan da idonsu. Sun dasa wani ɓaure na ƙasar Turkiyya, shekara da shekaru 'ya'yan suna zubewa ɗanye. Sai a 1899, da aka kawo ƙwaron daga Aljeriya, itatuwan suka fara riƙe 'ya'ya.

Saboda haka, maigida, kafin ka ɗora gatari a kan ɓauren bakin rafi, ka tuna ba itace kaɗai za ka kayar ba. Ƙwarin nan ba su da wani gida, tsuntsaye da jemagu kuwa, waɗanda ke cin 'ya'yan suna baza irin, za su rasa abinci. In itacen wuta ake so, a sassare rassa kaɗan, a bar gindin.