Lissafin iskar da ke tura inji: a koyar da shi da hannu a Damagaram

Tun kafin sojojin Faransa su iso Zinder a 1899, maƙeran Damagaram sun san aikin hayaƙi mai zafi. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera masa igwa a garin. Albarushi ya kama wuta, hayaƙin ya kumbura cikin bututu, ya cilla harsashi. Irin wannan turi ne ke tafiyar da kabu-kabun da ke kai mutane Kasuwar Dole a yau.

A cikin igwa matsin iskar hawa yake ya sauka cikin ƙiftawar ido, lissafinsa sai manya. Amma idan matsin ya tsaya a wuri guda yayin da iskar ke kumbura, abin bai wuce ninkawa ɗaya ba: a ninka matsin da yawan ƙaruwar da iskar ta yi. Abin da ya fito shi ne aikin da ta yi. A littafin makaranta ana rubuta shi W = P × ΔV.

Tukunyar da ke tafasa a murhu ta isa misali. Lita ɗaya ta ruwa, idan ta ƙone ƙurmus ta koma tururi, takan cika wurin lita 1,670. Kafin tururin ya sami wannan fili, sai ya ture iskar da ke danne shi, wadda matsinta ya kai kimanin faskal 101,000 a bakin teku (a Zinder ya ɗan gaza haka, don garin na kan tudu). Da yake lita dubu ce kubik mita ɗaya, sai a ninka 101,000 da 1.67, a sami jul 169,000 ko kusa da haka. Wannan ƙarfi ya isa a ɗaga buhunan siminti sama da 340 tsayin mita ɗaya. Sai dai zafin da ruwan ya sha kafin ya koma tururi ya kai jul miliyan 2.26, wato ko kashi 8 cikin ɗari bai zama turi ba. Yaron da ya fahimci wannan ba zai sake mamakin yadda janareto ke shan mai yana zubar da zafi ba.

Da wannan lissafi wani likita Bajamushe, Robert Mayer, ya kimanta a 1842 yawan aikin da ke daidai da zafi, bayan ya lura cewa iskar da aka bari ta kumbura ta fi wadda aka kulle cin zafi. Injin gazuwal na Rudolf Diesel ma, a takarda, ana ɗaukar mansa yana ƙonewa ne a matsi tsayayye.

To, me ya shafi Damagaram? A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Zinder, mai iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar na da 40. Ana yawan kiran a ba 'yan ƙasa manyan ayyukan matatar, kuma kiran yana kan hanya. Amma matata wuri ne na tururi da matsi da zafi, kuma ba a miƙa ta ga wanda ya haddace haruffan W = P × ΔV da Faransanci don ya ci jarrabawar BAC, ya manta da su kafin damina ta wuce.

Gyaran ba shi da tsada. Malami ya toshe bakin sirinji, ya tsoma shi cikin ruwan zafi, ɗalibai su ga sandar tana fitowa da kanta, su auna, su ninka. Ya yi bayanin da Hausa tukuna, Faransancin ya biyo baya.

Jami'ar André Salifou tana cikin garin, matatar tana kusa. Hukumomin ilimi na jihar Zinder su haɗa su da makarantun lise irin su Amadou Kouran Daga, a riƙa kai 'yan ajin ƙarshe su ga tukwanen tururi da ma'aunin matsi, ko da sau ɗaya ne a shekara.