Ƙaiƙayin Da Muke Ƙonawa Zai Iya Tsabtace Ruwanmu

'Yan'uwa, tun muna yara aka koya mana cewa in an tafasa ruwa, an kashe cutar da ke cikinsa. Haka ne game da ƙwayoyin cuta, amma akwai gubar da wuta ba ta kashewa. Dalma ba ta da launi ko wari a cikin ruwa, kuma tafasawa ƙara mata ƙarfi take yi, gama ruwan ne ke tashi da tururi, gubar kuwa ta zauna a tukunya.

Mun ga aikinta. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar ce ta fi yin ɓarna, amma ta shiga har kududdufan da ake wanke duwatsun. A Kano kuma, ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa yana ɗauke da sinadarin kuromiyom zuwa kogin da ake noman rani da shi.

To, ina mafita? Masu bincike, har da na jami'o'inmu, sun gwada ƙaiƙayin shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da 'ya'yan zogale. In an wanke su, aka shanya, aka niƙa, ko aka mai da su gawayi, sai su kama gubar ta manne a jikinsu yayin da ruwa ke ratsa su. Abin da muke tarawa a bayan injin casa mu cinna masa wuta, ashe yana da aiki.

Sai dai a yi hattara. Kada wata uwa ta zuba ƙaiƙayi a randa ta ce ta gama. Ido ba ya iya sanin ko ruwan ya tsabtatu, sai an auna. Ƙaiƙayin da ya sha guba kuma ya zama guba: ba a ba dabbobi, ba a zuba shi a gona, ba a hura wuta da shi.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a tare gubar tun daga tushe. Gwamnati ta tilasta wa masana'antu da masu haƙar zinariya su tace ruwansu kafin su sake shi, tun da kayan tacewar ba daga Turai za a kawo su ba. Jami'o'i su fito da binciken nan daga ɗakin gwaji su gwada shi a ƙauye. Mu kuma, duk inda muka haɗa kuɗi muka haƙa rijiya kusa da wurin haƙar ma'adinai, mu nemi a auna ruwan kafin yaranmu su sha. Rigakafi ya fi magani.